Yadda ake gano dokokin fiziks a wasannin bidiyo masu buɗaɗɗiyar duniya, a ƙirƙiro mafita da su

A cikin The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wasan da kamfanin Nintendo ya fitar a ranar 3 ga Maris 2017, akwai wani ɗakin gwaji inda ake so mai wasa ya riƙa karkata na'urar da ke hannunsa domin ya bi da ƙwallo ta cikin lungunan wani babban faifai har ta fita. Mutane da yawa sun sha fama a wurin, ƙwallon tana zamewa ta faɗi ana sake farawa, har wasu suka lura cewa babu abin da ya hana a kife faifan gaba ɗaya, ƙwallon ta sauko a kan bayansa wanda ba shi da lungu ko ɗaya, sannan a cilla ta inda ake so. Wasan bai ce uffan ba, ƙofa kuma ta buɗe.

Wanda ya kife faifan ba lallai ne ya fi sauran kaifin basira ba. Ya dai fahimci cewa faifan abu ne mai fuska biyu da ke bin doka, kuma duk abin da ke bin doka ana iya sa dokar ta yi wa mutum aiki. A ganina wannan fahimta koyon ta ake yi kamar kowace sana'a, kuma hanyar koyon ita ce a daina zaton cewa wasa yana kwaikwayon duniyar zahiri daidai wa daida, a zauna a gano ƙa'idojin da shi kansa wasan yake tafiya a kansu.

Mataki na farko: gane irin duniyar da ka shiga

A ƙarƙashin yawancin wasanni masu buɗaɗɗiyar duniya, wato waɗanda ake barin mai wasa ya yi yawo inda ya ga dama, akwai manhajar da ake kira injin fiziks, wadda aikinta shi ne ta riƙa lissafa inda kowane abu zai kasance bayan ɗan ƙanƙanin lokaci, bisa nauyinsa da saurinsa da siffarsa da kuma abin da ya ci karo da shi. Daga cikin sanannun injuna akwai Havok, wanda Microsoft ya saya a 2015, da PhysX na kamfanin Nvidia. Half-Life 2, wanda ya fito a 2004, yana cikin wasannin da suka fara nuna wa jama'a amfanin wannan lissafi, domin a cikinsa ne aka sa mai wasa ya jibga bulo a gefe guda na katako don ɗaya gefen ya ɗaga, ya taka ya haye.

Sai dai kasancewar inji ba ta nufin komai yana bin sa, domin masu ƙera wasa su ne suke zaɓar abin da zai motsa da abin da zai tsaya cak. A Minecraft yashi da tsakuwa suna zubowa idan aka cire abin da ke ƙarƙashinsu, amma dutse da katako suna zama a sararin sama ba tare da wani abu ya tallafe su ba, har ma za ka sare gindin bishiya samanta ya ci gaba da tsayuwa. A Valheim kuwa, wanda ya fito a 2021, bishiyar da ka sare tana iya faɗo maka ta kashe ka, gungumenta kuma ya gangara ya kayar da wasu. A Far Cry 2 na 2008 wuta tana cin busasshiyar ciyawa tana bin inda iska ta nufa, a Just Cause 3 na 2015 kuma babban makaminka igiya ce da kake ɗaure abubuwa biyu da ita ka ja su su haɗu.

Saboda haka, a farkon shigarka wasa ka jinkirta bin labari, ka ɗauki abubuwa uku ko huɗu da ke kusa da kai, kamar akwati da ganga da dutse, ka yi wa kowanne gwaji iri ɗaya: ka tura shi, ka ɗaga shi ka saki, ka jefa shi a ruwa, ka kusanta shi da wuta, sannan ka buge shi da makami. Abin da kake nema shi ne iyaka, wato inda abubuwan da ke amsawa suka ƙare, kayan ado marasa motsi suka fara. Idan akwati ya taso a kan ruwa amma na ƙarfe ya nutse, ka san cewa wasan yana bambanta kayan da aka yi abu da su, kuma wannan babban labari ne.

Mataki na biyu: koyi yadda abubuwa ke canza juna

Motsi rabin magana ne. Sauran rabin shi ne canjin hali, kamar itace ya kama wuta ko ƙanƙara ta narke. A taron masu ƙera wasanni na GDC da aka yi a Amurka a 2017, Takuhiro Dohta, daraktan fasaha na Breath of the Wild, ya bayyana cewa sun gina wani tsari na biyu a gefen injin fiziks, suka kira shi injin kemistiri, kuma ƙa'idoji uku kacal ke gare shi. Sun raba komai gida biyu: abubuwa marasa tsayayyen jiki kamar wuta da ruwa da iska da lantarki, da kuma daskararrun kaya kamar itace da dutse da ƙarfe. Na farkon suna canza halin na biyun, kamar yadda wuta ke ƙona itace. Na farkon kuma suna canza junansu, kamar yadda ruwa ke kashe wuta. Daskararrun kaya kuwa ba sa canza halin juna. Kafin su gina ainihin wasan ma sai da suka gwada waɗannan ƙa'idoji a wani ɗan samfuri mai kama da Zelda na farko na 1986.

Amfanin sanin wannan shi ne ba sai ka haddace dabaru ɗari ba, domin da kanka za ka iya fito da su. Wuta tana cin ciyawa, ciyawar da ke ci tana tayar da iska mai zafi zuwa sama, lemar shawagi kuma tana bin iska, ke nan duk inda akwai ciyawa da abin kunna wuta akwai hanyar tashi sama. Ƙarfe yana jan aradu, don haka idan hadari ya haɗu ka ga takobinka ya fara tartsatsi, kana iya cire shi ka tsira, kana kuma iya wurga shi tsakiyar abokan gaba ka ja da baya ka jira. Ƙarfe yana ɗaukar lantarki, ke nan idan aka ba ka wayar da ta yanke a ɗakin gwaji, takubba da garkuwoyin ƙarfen da ke jakarka suna iya cike giɓin idan ka jera su suna taɓa juna.

Ka yi wa duk wasan da kake bugawa irin wannan jadawali, ko da a ka ne. A Minecraft, alal misali, haɗuwar ruwa da narkakken dutse tana haifar da sabon dutse, ruwa yana malala bulo 7 daga tushensa a shimfiɗaɗɗen wuri, saƙon redstone, wato abin da ke aiki kamar wayar lantarki a wasan, yana mutuwa bayan bulo 15 sai an sabunta shi, kuma faɗawa cikin ruwa tana hana jin ciwo komai tsawon inda aka faɗo. Wannan na ƙarshe ba haka yake a zahiri ba, amma ina ruwanka, tunda dokar wasan ce kake aiki da ita.

Mataki na uku: canza abu ɗaya a lokaci ɗaya

Nemi fili shimfiɗaɗɗe wanda babu abokan gaba a kusa, ka adana wasan da hannunka kafin ka fara, domin gwaji yana cinye kayan aiki. Idan ka gwada abu bai yi ba, ka canza abu guda kawai, ko kusurwa ko nauyi ko wurin da ka tsaya, sannan ka sake. Wanda ya canza uku a tare ya ci nasara bai san wanne ne ya yi aiki ba, kuma gobe ba zai iya maimaitawa ba. Haka kuma kada ka ɗauki abin da ya faru sau ɗaya a matsayin doka sai ka gan shi sau uku.

Mataki na huɗu: sake faɗin matsalar da harshen motsi

A nan ne gizo ke saƙar. Idan ka iso gindin wani tsauni ruwan sama yana zuba, bangon ya yi santsi ba ya hawuwa, tambayar da ta fara zuwa ita ce ina hanyar da aka tanada, kuma wannan tambaya amsa ɗaya gare ta. Idan kuwa ka ce wa kanka abin da kake buƙata shi ne wani ƙarfi da zai ɗaga jikinka sama, amsoshi sun yawaita nan take. Haka rafi yake: buƙatarka ita ce ko abin takawa, ko abin da ke tasowa a kan ruwa, ko gudun da zai tsallakar da kai. Bishiyar da ke bakin rafin gada ce idan ka tsaya ta gefen da ya dace ka sare ta ta faɗi ta haye.

Ga misali daga Tears of the Kingdom, wasan Zelda da ya biyo bayan Breath of the Wild, wanda ya fito a ranar 12 ga Mayu 2023. Akwai baiwar Ultrahand da ake ɗaga abubuwa a manna su da ita, akwai kuma Recall mai sa abu ya koma ta hanyar da ya bi. Ka ɗauki katako da Ultrahand, ka ɗaga shi sama iya inda zai kai, ka riƙe shi a can na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ka sauko da shi a hankali. Ka hau kansa ka kunna Recall. Katakon zai koma sama da kai, ya tsaya daidai tsawon lokacin da ka riƙe shi ɗazu, wanda shi ne damarka ta sauka. Riƙewar nan ita ce mutane suke mantawa, sai katakon ya kai sama ya juyo ƙasa kafin su taka.

A Breath of the Wild kuma akwai Stasis, mai daskarar da abu na ɗan lokaci yana tara duk bugun da aka yi masa. Ka daskarar da gungume ko dutse, ka yi ta dukan sa har kibiyar da ke nuna ƙarfi ta koma ja, ka tuna cewa bugun ƙarshe shi ne ke tsayar da inda abin zai nufa, sannan ka manne a jikinsa kafin lokacin ya cika. Idan kana so ya tashi sama maimakon ya bi ƙasa, sai bugun ƙarshen ya fito daga ƙasa-ƙasa.

Al'ada mai kyau ita ce kafin ka taɓa komai ka kawo hanyoyi uku a ranka, ka fara da mafi arha, wato wadda ba za ta cinye maka abin da yake wuyar samu ba.

Mataki na biyar: gina ƙarami, ka kula da nauyi da inda turi ya nufa

Duk abin hawa da za ka haɗa, a kowane wasa, tambayoyi biyu ne ke yanke hukuncinsa: ina cibiyar nauyinsa take, kuma ta ina ƙarfin da ke tura shi yake bi? Idan turin ya bi ta cibiyar nauyi abin zai tafi miƙe. Idan ya kauce ko da kaɗan ne, abin zai riƙa juyawa, kuma ƙara masa ƙarfi juyin zai ƙara. Jikinka ma nauyi ne, don haka inda ka tsaya yana cikin lissafi.

Amalanken da na fara haɗawa a Tears of the Kingdom katako ne da tayoyi huɗu, na manna su na buge shi ya kama aiki, sai ya shiga zagaye a wuri ɗaya kamar mai neman abin da ya yar. Na ƙara masa fanka a baya, sai ya ƙara saurin zagayen ya watsar da ni. Da na tsaya na duba da kyau sai na ga tayoyin suna da alamar inda suke juyawa, kuma na gefen hagu na manna su a juye, suna ja baya yayin da na dama ke ja gaba. Gyaran bai wuce girgiza tayoyi biyu su saki a sake manna su ba. Tun daga ranar nake bin wannan tsari: in fara da shimfiɗa guda, in sa tayoyi biyu in kunna in gani, in ƙara sauran in sake kunnawa, sannan sitiyari, kaya kuma su zo a ƙarshe, masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya.

Babur mai tashi da masu wasan suka yi ta yayi shi ne mafi kyawun darasi a kan tsimi, domin abubuwa uku ne kawai: fanka biyu da sitiyari ɗaya. Ana manna fanka ɗaya a gaban sitiyarin, ɗaya a bayansa, dukansu a karkace suna hura iska ƙasa da baya, ta yadda turinsu zai rabu tsakanin ɗagawa da tafiya gaba. Ultrahand yana juya abu ne da digiri 45 a kowane taki, don haka samun kusurwar ba wuya ba ne. Wuyar tana wajen jera ukun a kan layi ɗaya. Idan fanka ta kauce gefe da ɗan yatsa, babur ɗin zai riƙa jan hagu ko dama tsawon tafiyar. Ka haɗa shi a shimfiɗaɗɗen wuri, ka dube shi ta gaba da ta sama kafin ka manna, ka tashi ka saki sitiyari ka ga ko zai miƙe. Idan ya karkata, ka cire fanka ɗaya kawai ka sake. Kowace na'ura da ka ƙara tana shan batir kuma tana ƙara nauyi, shi ya sa fanka huɗu ba lallai su kai ka nesa fiye da biyu ba.

Gini ma haka yake. A Valheim idan ka riƙe guduma ka nuna katako, launinsa yana gaya maka ƙarfinsa: shuɗi yana zaune a ƙasa, kore yana da ƙarfi, daga nan ya bi ta rawaya zuwa ja, inda ba zai ɗauki ƙari ba. Idan rufi ya ƙi tsayawa, kada ka yi ta maimaita shi, ka bi launukan zuwa ƙasa ka ga ginshiƙin da bai taɓa ƙasa ba. Tun ran gini tun ran zane, ka bar wa hayaƙi mafita, domin wutar da hayaƙinta ya taru mutuwa take yi, kai ma yana cutar da kai.

Mataki na shida: karanta gazawa

Wani lokaci ƙirarka daidai take amma ta wargaje, kuma dalilin yana cikin yadda injin yake aiki. Injin ba ya ganin motsi a matsayin abu mai gudana, tsalle-tsalle yake lissafa shi, sau da yawa a kowace daƙiƙa. Minecraft, alal misali, yana sabunta duniyarsa sau 20 a daƙiƙa. Abin da ke gudu sosai yana iya kasancewa a gaban siririn bango a lissafi ɗaya, a na gaba kuma ya riga ya wuce shi, ba tare da injin ya ga karo ba. Idan abubuwa biyu suka shige cikin juna, injin yana ƙoƙarin raba su da ƙarfi, daga nan ne ake samun karkarwa da cillin da babu dalili. Doguwar sarƙar abubuwa da aka manna ita ma tana yin laushi, saboda ɗan kuskuren kowace gaɓa yana taruwa a ta gaba. Maganin dukansu kusan ɗaya ne: rage gudu, rage gaɓoɓi, ka bar 'yar tazara tsakanin sassan da ke motsi.

Akwai kuma iyakokin da aka sa da gangan. Ultrahand ba ya riƙe fiye da sassa 21 a ƙira ɗaya, fukafukan shawagi na Zonai, wata tsohuwar ƙabila a labarin wasan, suna ɓacewa bayan ɗan lokaci a sama, kuma ba a fito da na'urorin da ke cikin jaka a ɗakunan gwaji. A Minecraft an yanka duniya gida-gida, kowane gida bulo 16 sau 16, kuma wanda ka yi nisa da shi yana daina aiki, don haka na'urar da ka gina ka tafi yawo tsayawa take yi. A Skyrim na 2011 lissafin fiziks yana ɗaure da hotuna 60 a daƙiƙa, waɗanda suka cire wannan iyaka a kwamfuta suka riƙa shiga ɗaki suna tarar da kwanoni suna tashi.

Su kansu masu ƙera wasannin sun sha wannan wahala. A GDC na 2024 Takahiro Takayama, jagoran masu rubuta manhajar fiziks ta Tears of the Kingdom, ya nuna yadda abubuwan da aka tsara wa motsi da hannu, kamar ƙofofi, suka riƙa karo da abubuwan da ke bin fiziks suna ɓata komai, har suka yanke shawarar mayar da kowane abu ƙarƙashin injin. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne ƙofa mai saukowa a wannan wasa nauyi ce ta gaske, kuma ana iya tokare ta da abin da ya isa ya ɗauke ta.

Mataki na bakwai: raba doka da kuskure, ka adana abin da ya yi

Dabarar da ta fito daga ƙa'idar wasan tana daɗewa, wadda ta dogara da kuskuren manhaja kuwa, kamar ninka kaya ko ratsa bango, sabuntawa ɗaya tana iya share ta, kuma a wasannin da ake bugawa da wasu ta intanet tana iya jawo a rufe maka asusu. Hanyar ganewa ita ce ka gwada bayyana dabarar da dalilai: idan za ka iya cewa wuta ta yi kaza saboda haka iska ta yi kaza, doka ce. Idan kuwa bayanin shi ne a danna madannai biyu a daidai wani ƙiftawar ido, kuskure ne.

Bidiyon wasu yana da amfani, amma na fi ganin ka kalle shi bayan ka gwada naka sau biyu ko uku, domin a lokacin ne idonka zai je kan kusurwar fankar da wurin da aka ɗora nauyi, maimakon kyan abin kawai. Idan kuma ka dace da ƙirar da ta miƙe, ka adana ta nan take. A Tears of the Kingdom baiwar Autobuild tana tuna abubuwan da ka haɗa kwanan nan, amma sababbi suna ture tsofaffi daga jerin, don haka ka sa wa babur ɗin da ya tashi miƙe alamar zaɓaɓɓe kafin ka manna wani abu dabam. A wasan da ba shi da irin wannan, ka ɗauki hoton ƙirar ta gaba da ta gefe da ta sama, ka rubuta lambar sabuntawar wasan a jikin hoton.